Golan da Ba Ya Kiran Lamba Biyar

A ofishin shugaban kwalejin akwai wani hoto da ya tsufa har ya koma launin ruwan shayi: samari goma sha ɗaya a tsaye ba takalmi, da wani Bature a gefe ya riƙe ƙugu. Duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa, a ce ga ƙungiyar kwalejin ta farko, wadda ta yi kaka guda cur ba a zura mata ƙwallo ko ɗaya ba. Ba wanda ya taɓa tambayar yadda aka yi makarantar da aka aza harsashinta bayan an ƙirƙiro jihar Taraba ta mallaki ƙungiya tun zamanin Turawa, ko me ya sa dutsen da ke bayan samarin bai yi kama da ko ɗaya cikin duwatsun Jalingo ba. Hoton dai ya yi aikinsa. Shekara da shekaru, duk golan da ya tsaya a ragar kwalejin da golan hoton nan ake auna shi, kuma kowa ya gaza.

Bana Hammanjoda ne a raga. Shekara biyu ya yi yana ɗumama benci, yana kallon wani yana sa safar hannun da yake mafarki, sai a shekararsa ta ƙarshe aka miƙo masa ita. Wannan kakar ita kaɗai gare shi, daga ita sai takardar kammalawa da neman aikin koyarwa a wani ƙauye.

Kakar kuwa ta zo da zafinta. A gasar kwalejojin jiha suka fara da 'yan Bali, suka zuba musu huɗu da ɗaya. 'Yan Zing suka zo da ganguna da motoci biyu cike da magoya baya, suka koma da uku da ɗaya, gangunan a ƙarƙashin kujera. Matiyu, kyaftin ɗin ƙungiyar, ɗan gaba mai ƙafafu kamar taɓarya, ya zama in ya bi ta Kasuwar Jalingo sai masu rake sun tsayar da shi sun yanka masa kyauta. Masu keke suka fara ɗaura ƙyallen kore da fari a madubi. Ranar wasa, la'asar na yi, teloli ke rufe shago su nufo filin kwaleji, har waɗanda ba su san bambancin kwana da fanariti ba.

Shi ma Hamman ya sami nasa rabon yabon. A kan layinsa kyanwa ne. Ya ture fanariti biyu a wasa ɗaya, ya taɓa kama wata ƙwallo da har 'yan kallo sun fara ihun an ci. Sai dai akwai wata ƙwallo guda da ke cinsa kowane wasa, kuma kullum iri ɗaya ce: a ɗago ta sama daga gefe, ta sauko tsakaninsa da Jibrilla, ɗan baya mai lamba biyar. Ko dai su tashi tare su yi karo, ko kuma kowa ya bar wa ɗan'uwansa, kamar tsokar ƙarshe a kwanon baƙi, har wani can ya zo ya sa mata kai.

Bayani bai yi wuya ba, don wanda bai san dalili ba shi ya fi kowa iya bayani. Wasu suka ce an binne wani abu a ragar da ke fuskantar garin Kona, ko da yake a ɗaya ragar ma ana cin sa. Wasu suka ce yaron ba ya gani sosai in rana ta karkata. Wani mai shayi ya rantse ya san wanda ke saye shi. Koci Malam Andrawus ne kaɗai ya kusa da gaskiya, shi ma da kunne ya kamo ta, ba da ido ba. Ya lura golansa na da murya. Yana yi wa lamba biyu tsawa, yana kiran lamba uku da sunan da uwarsa ba ta raɗa masa ba, yana ƙwala wa Matiyu kira daga wannan raga zuwa waccan. Amma ƙwallo na dosar lamba biyar, sai bakin ya rufe gam.

Abin da Malam Andrawus bai sani ba, kuma ba wanda ya sani a kwalejin, shi ne Jibrilla ƙanin mahaifin Hamman ne. Shi ne autan Alhaji Manga na Kachalla Sembe, wanda ya haife shi da furfura, wata goma sha huɗu bayan an haifi jikansa Hammanjoda. A takardun makaranta sunayen iyayensu daban, kuma ba su yi kama ba. Amma a gida Hamman durƙusawa yake ya gaishe shi, bai taɓa ambatar sunansa ba sai dai ya ce Bappa, wato ƙanin uba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba. Bappa bappa ne, ko da kai ka koya masa tafiya.

Ranar da Jibrilla zai fara kwaleji, a cikin keke, ya juyo ya roƙe shi abu ɗaya. Ya ce shekara shida ya yi a sakandare ana kiransa Tsoho saboda wani ɗan unguwa ya ji an ce masa Bappa, har malamai suka ɗauka, har 'yan mata. Ba zai sake wannan rayuwar ba. In sun shiga ƙofar kwaleji, babu Bappa. Hamman ya ce to, don ba a ce wa bappa a'a. Sai ya zama an hana shi sunan da ya iya, shi kuma harshensa ba zai ɗauki ɗayan ba. A aji da hanya wannan bai dame shi ba, mutum na iya shekara bai kira wani ba. A cikin yadi na shida, ƙwallo na saukowa, abin ya zama wani abu dabam.

Malam Andrawus mutumin Kona ne, dattijon coci da ya sha sasanta ma'aurata da mawaƙa, don haka ya gane cutar nan take: gaba ce. Ya kira su biyun gindin mangwaron bayan ɗakin sa kaya, ya sa aka kawo sakwara da miyar kuɓewa a kwano ɗaya. Ya ce a wurinsu duk waɗanda suka sa hannu a kwano guda ba sa kwana da juna a zuci, don haka bismilla, shi zai tsaya ya gani. Hamman ya wanke hannu, ya zauna, ya kafa wa ƙasa ido. Jibrilla ya fara ci don kada shirun ya yi yawa, ya ci, ya ci, yana gumi, har ya ga gindin kwano. Koci ya ce to a yi musabaha. Hamman ya miƙa hannu biyu, gwiwarsa ta lanƙwashe da kanta kafin ya tuna, ya miƙe da sauri. Malam Andrawus ya ɗauka shaƙiyanci ne. Ya tafi yana girgiza kai, ya gaya wa Matiyu cewa wannan gabar a kan mace ce, don ita kaɗai ke hana saurayi cin sakwara.

A wasan kusa da na ƙarshe suka haɗu da 'yan Gembu, dogaye masu son ƙwallon sama. Kwalejin ta ci su uku da biyu, an yi ta kaɗe-kaɗe har bakin titi, amma duka biyun da 'yan Gembu suka ci ta hanyar nan ce, kuma a ta biyun gwiwar hannun Hamman ta sami Jibrilla a ido. Tun kafin a tashi wani ɓangare na 'yan kallo ya fara kiran sunan Suhail. Suhail shi ne gola na biyu, ɗan wani mai shagon atamfa, wanda hannunsa rariya ne amma bakinsa lasifika. Ƙwallo na wuce shi, sai dai ba ta taɓa wuce shi a shiru ba.

Bayan atisayen ranar Alhamis koci ya tsayar da Hamman a tsakiyar fili.

"Ka fi Suhail, ni na sani, shi ma ya sani," in ji shi. "Amma gola marar baki rabin gola ne. Ranar Asabar na ba ka minti arba'in da biyar. In ban ji ka kira lamba biyar da kunnena ba, ka cire safar nan a hutun rabin lokaci."

Hamman ya koma gida. A tsakar gida ya tarar da Goggo Hajaratu, yayar mahaifinsa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, tana danna wa Jibrilla tsumma mai ɗumi a ido. Ta riga ta tatsi labarin duka daga bakin ƙanin nata. Ta dubi Hamman ta saman gilashinta, ta ce ita dai a saninta an yi kunya don a tsare mutuncin babba, ba ta taɓa jin an yi ta don a fasa masa ido ba. Ta ce su biyun sun haddace rabin karatu sun bar rabi, kuma da Alhaji na da rai da ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Jibrilla, wanda ke ce mata Adda, ya ce ba za ta gane ba. Ta ce ƙwarai, ita da ta yi masa wanka yana jariri ina za ta gane.

Maganarta ta wuce ta bayan kunnensu, domin Hamman ya riga ya zo da dabara. Duk hutun makaranta a rugar kawunsa yake yi, kuma a can ya koyi fito irin na makiyaya, wanda ake naɗe harshe a yi shi ba tare da yatsa ba, saniya ta ji shi daga ƙetaren rafi. Ba suna a ciki, ba tsawa. In ya yi fito, Bappa ya sunkuya, ƙwallon ta gola ce. Jibrilla ya karɓa hannu bibbiyu, bai ko tsaya tunanin cewa da abin kiran shanu za a kira shi ba. Ranar Juma'a suka gwada a bayan gida da yamma, wani maƙwabci na jefo musu ƙwallo ta kan katanga. Sau ashirin, ba kuskure ko ɗaya. Hamman ya ji kamar ya taka rawa. Ba su gaya wa koci ba, suna so ya gani da idonsa.

Ranar Asabar, ranar wasan ƙarshe, filin ya cika tun azahar. An hau katanga, an hau mangwaro, an hau rufin motar wani malami da bai zo da wuri ya hana ba. 'Yan Wukari ne abokan karawa, masu riƙe da kofin, sanye da ja, kuma sun yi aikin gidansu: tun minti na farko ba abin da suke yi sai ɗaga ƙwallo sama ta gefe. Biyun farko suka wuce waje. Ta uku Jibrilla ya sa mata kai tun daga nesa. Matiyu ya ja ƙwallo ya yanke mutum uku, ya buga ta daki turke ta dawo, filin ya ɗauki wani irin gunji kamar an taka wutsiyar gari. Hamman ya ture wata da ƙafa, ya ture wata da yatsu, yana jin jininsa na tafasa, yana jiran tasa.

A minti na ashirin da biyu ta zo. Ɗan gefen Wukari ya ɗago ta, ta yi sama, ta lanƙwaso daidai kan lamba biyar. Hamman ya naɗe harshe ya saki fito. Jibrilla ya sunkuya kamar an ja shi da igiya, Hamman ya tashi ya cafke ta a ƙirji, ya sauko yana murmushi.

Sai ya ga kowa a tsaye. Ɗan gaban Wukari ya saki hannuwa yana duban alƙalin wasa. 'Yan bayan kwaleji ma sun tsaya. Alƙalin kuwa yana duban usur ɗin da ke rataye a wuyansa, wanda bai kai baki ba. Sannan ya busa na gaske, ya taho da gudu yana laluben aljihu. Ya ce fili ɗaya usur ɗaya, duk wanda ya yi fito ya tsayar da 'yan wasa ya yi yaudara. Ya ɗaga wa Hamman katin gargaɗi, ya ba Wukari bugun tazara a kan layin yadi na shida.

Duk 'yan kwaleji goma sha ɗaya suka jeru a bakin raga kamar sahun salla. Aka taɓa ƙwallon gefe, wani ƙato ya sheme ta. Ta daki cinyar wani, ta canza hanya, ta shige ta ƙarƙashin hammatar Hamman. Ɗaya da nema.

Ya ɗauko ta daga raga bai ɗaga kai ba. Ta gefen ido ya hango Malam Andrawus ya juya ya yi wa benci magana, ya ga Suhail ya miƙe yana tsalle-tsalle a bakin layi, yana tafa safar hannunsa, har ya fara ba 'yan baya umarni tun bai shigo ba. Masu kiran sunansa suka dawo da ƙarfinsu. Hamman ya dubi rana. Saura minti ashirin, ko ƙasa da haka, kuma yanzu ko fiton ma babu.

Wukari suka ji ƙanshin jini. Suka ɗago wata, shi da Jibrilla suka bar wa juna, Allah ya taimaka ta bi ta saman raga. Suka ɗago wata, suka tashi tare, kafaɗa ta daki kafaɗa, ƙwallon ta fita kwana. Hamman ya miƙe yana karkaɗe wando. Ya buɗe baki ya gwada sunan a hankali, shi kaɗai, harafin farko ma ya ƙi fita. Ya ji kamar zai zagi mahaifinsa a bainar jama'a.

Ana shirin bugun kwana Jibrilla ya bar mutumin da yake tsaro, ya tako har gabansa. Idonsa mai kumburi ya yi ja, yana haki. Bai rage murya ba, ya ma ɗaga ta yadda na kan katanga za su ji.

"Hammanjoda, ni wane ne a wurinka?"

Hamman ya dubi ƙasa.

"Ɗago kai. Ni ba ƙanin ubanka ba ne? To na ce ka kira ni yadda kake kirana a gida. Umarni ne."

Matiyu, wanda ya dawo tsaron kwana, ya tsaya baki buɗe yana duban wannan yana duban wancan. Ɗan gaban Wukari ma ya juyo. Alƙali ya busa.

Ƙwallon ta taso da gudu, tana juyawa, ta nufo tsakiyar cunkoson. Hamman ya ga bayan rigar lamba biyar, ya ga gwiwoyin Jibrilla sun lanƙwashe zai tashi.

"Bappa, a bar mini!"

An ji shi har gindin mangwaro. Jibrilla ya nutse ƙasa, Hamman ya bi ta kansa, ya tsinko ƙwallon daga saman kawunan mutum biyar kamar mai tsinkar gwanda. Ƙafarsa na taɓa ƙasa ya hango Matiyu ya riga ya juya ya cika wandonsa da iska, yana gudu yana dariya. Ya wurga masa ita da hannu har tsakiyar fili. 'Yan Wukari duk sun taho kwana, mutum ɗaya suka bari a baya, shi ma Matiyu ya wuce shi kamar an dasa shi. Gola ya fito, Matiyu ya ɗaga ta ta kansa, ta faɗi ta yi tsalle ɗaya, biyu, ta kwanta a raga.

Reshen mangwaro ya karye da mutum uku a kai, ba wanda ya kula, har su. Matiyu bai tsaya murna a can ba, ya juyo da gudu tsawon filin duka, ya zo gaban Jibrilla ya zube gwiwa biyu, ya ce Bappa ya sa masa albarka. Kafin a mayar da ƙwallo tsakiya maganar ta zaga fili, daga katanga zuwa rufin mota, aka fara tafi ana rera Bappa, Bappa. Jibrilla ya rufe fuska da riga. Shekara shida na sakandare sun dawo masa a minti ɗaya, wannan karon da ganga.

Minti bakwai da suka rage Wukari suka ɗago ƙwallo sau huɗu. Sau huɗu aka ji muryar. Bappa a bari, Bappa a fita da ita, Bappa ga mutum a baya, Bappa a yi hagu. Ko sau ɗaya bai ce masa kai ba, kuma ko sau ɗaya ba su taɓa juna ba.

Da aka busa hutun rabin lokaci suka taru a gindin mangwaro, ana ta miƙa ledar ruwa. Suhail na tsaye kusa da koci, safarsa a hannu, a ɗaure tsaf. Hamman ya zauna a ƙasa can gefe, maƙogwaronsa na zafi, yana jira. Malam Andrawus ya yi magana a kan 'yan tsakiya, ya yi magana a kan ɗan gefen Wukari, ya yi wa lamba uku faɗa. Sai can ya juyo, ya dubi Hamman da Jibrilla, ya tambaya wanne ne babba a haihuwa. Matiyu ya nuna Hamman. Koci ya tambaya wanne ne uban. Matiyu ya nuna Jibrilla. Malam Andrawus ya cire hularsa ya sosa kai, ya ce shekararsa hamsin da shida a garin nan, ashe har yanzu ɗan koyo ne.

"Suhail, samu wuri ka zauna," in ji shi. Ya juya wajen Jibrilla. "Bappa, tashi ka ja ɗanka ku koma ciki. Saura minti arba'in da biyar, kuma kofin nan ba zai kwana a Wukari ba."

Hamman ya ƙara ɗaure safarsa da haƙori, ya miƙe ya nufi raga.